Yadda gidan tela zai fita kunyar ɗinkin Sallah

Duk garin da ka je a ƙasar Hausa zancen ɗaya ne idan Sallah ta matso: tela ya ɓuya, tela ya kashe waya, tela yana ta "gobe da yamma" har aka sauko daga idi. An mayar da abin na barkwanci, amma uban da ɗansa ya wayi gari ranar Sallah da tsohuwar riga ba ya dariya. Yawancin telolin nan kuwa ba mugaye ba ne, ba kuma ragwaye ba. Tun farkon azumi suka karɓi abin da ya fi ƙarfinsu, wani don kunya, wani don kwaɗayin kafin alƙalami, sai su ƙarasa watan suna ƙarya a kan ƙarya. Idan shagon na gida ne abin ya fi tsanani. Uba yana yanka, ɗa yana kan keke, uwa ko 'ya tana ɗinkin mata a cikin gida, kuma rabin masu kawo kaya dangi ne da maƙwabta waɗanda ba a iya kallon idonsu a ce a'a.

Irin wannan gidan nake yi wa magana: keke 2 zuwa 4, mutum 3 zuwa 6, har da yaran da ke koyo. Na ɗauki ƙaramar Sallah domin ita ce ta fi cika da ɗinki, kuma ita ce ke zuwa bayan wata guda na azumi. Wanda ke Jos ko Kaduna ko Sabon Gari yana fama da ɗinkin Kirsimeti zai ga kusan komai ya hau kansa, ban da maganar azumi.

Ku ƙirga ƙarfinku tun Sha'aban

Kafin a karɓi ƙyalle ɗaya, a zauna da takarda da biro a amsa tambaya guda: kaya nawa gidan nan zai iya fitarwa, gamamme, a goge a naɗe, kafin 25 ga azumi? Na ce 25 da gangan. Ramadan kan yi 29 ko 30, kuma babu wanda ya sani sai daren da fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata. A 2025 an ɗauki azumi a Najeriya ranar 1 ga Maris, aka yi Sallah ranar 30 ga Maris, wato azumi 29 aka yi. Telan da ya jingina da rana ta 30 a shekarar, da daddare labari ya same shi da tulin kaya a gabansa. Ku ɗauka kullum 29 za a yi, sannan ku ja baya da kwana 4.

Ga misalin yadda ake lissafin, ku sauya lambobin da naku. A ce za ku fara gadan-gadan daga 15 ga Sha'aban zuwa 25 ga Ramadan, kusan kwana 40 ke nan. Ku cire rabin kowace Juma'a, ku cire kwanakin da wuta za ta ƙi zuwa, ko keke ya tsaya, ko a yi rasuwa a unguwa, ko zazzaɓi ya kwantar da wani. Za ku ga kamar kwana 32 suka rage. Idan keke 2 ne, kowanne yana fitar da kaftani da wando 2 a rana, kun sami 128. Kada ku karɓi 128. Ku cire kashi ɗaya cikin huɗu, ku tsaya a 96. Wannan da kuka cire shi ne gurbin gyara, da kayan gidanku, da wanda ba za ku iya mayarwa ba ko kun so.

Inda ake ruɗuwa shi ne ƙirga kaya da leda. Leda ɗaya ba aiki ɗaya ba ce. Babbar riga da 'yar ciki da wando, ku ƙirga ta 3. Doguwar rigar mata mai shafi da duwatsu da hannu mai tattara, ita ma 2 ko 3 ce. Kayan yara kuma kada ku yarda da mai cewa "ai ɗan ƙarami ne". Yadin ne kaɗan, amma wuya ɗaya ne, aljihu ɗaya ne, hannu biyu ne, ga shi ƙaramin hannu ya fi wuyar juyawa a ƙarƙashin allura. Magidanci mai 'ya'ya 7 da ya zo da buhu guda, aiki 7 ya kawo, ko da ya yi ciniki kamar na 3.

Kuma lissafin rana a lokacin azumi daban yake. Wanda ke fitar da 3 a Rajab, da ƙyar ya yi 2 da rana tsaka yana azumi, balle idan watan ya faɗo a lokacin zafi. Da lambar azumi za ku yi lissafi.

Keke, zare, allura

A kira makanikin keke a Sha'aban. Idan aka shiga goman tsakiya shi ma layi ake bi a wurinsa, kuma kuɗinsa ya tashi. A wanke keke, a zuba mai, a duba bel da ƙoshiya, a sa wa keken wibin, wato mai ɗaure bakin yadi, sabuwar wuƙa, a kai almakashi wasawa. Idan da tsohuwar Butterfly ko Singer ta ƙafa da aka jingine a lungu tun da aka sayi Juki, a fito da ita a gyara. Ranar da wuta ta ɗauke kuma mai ya ƙare a janareta, ita za ta yi kalmasa da haɗin wando.

Sai sayayya. A Kano mutum zai zaga Kantin Kwari da Ƙofar Wambai da Sabon Gari ya haɗo komai a yini ɗaya, kowane gari kuma da inda teloli ke sari. Ku sayi zare fari da baƙi da ruwan toka da ruwan ƙasa da shuɗi da kwalinsu, sauran launuka sai kaya sun shigo. Allura lamba 14 da 16 su ne na yau da kullum, 11 kuma don yadi mara nauyi. A haɗa da zif, maɓalli, gam na wuya da na hannu, shafi, roba, alli, ledar saka kaya, gawayin guga. Ku ƙaro kwarkwaro da yawa, a naɗe su da zare tun da dare, don tsayawa naɗi a tsakiyar aiki yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Abin da ke kashe shagon gida a watan azumi shi ne a ɗaga mai keke a tura shi kasuwa neman zif guda. Kafin ya dawo cikin cunkoson yamma an sha ruwa, rabin yini ya tafi.

Kayan gidanku tukuna

Wannan mataki ƙarami ne, amma kada a tsallake shi. A ɗinke kayan yaran gida da na iyaye kafin a ga watan Ramadan, a kulle a akwati. Kowa ya san ɗan tela shi ke zuwa idi da rigar da ba a sa wa maɓalli ba. Ban da tausayin yaro, akwai dalili na aiki: matar da 'ya'yanta ba su da kaya a 27 ga wata ba za ta zauna ta yi wa 'ya'yan wasu kalmasa da daɗin rai ba, kuma da gaskiyarta.

Yadda ake karɓar kaya

A nan ake cin Sallah ko a faɗi. Mutum ɗaya tak ke karɓar kaya, littafi ɗaya tak ake rubutawa. Idan Baba ya karɓa a masallaci, Yaya ya karɓa a majalisa, Umma ta karɓa a gidan suna, to lissafin Sha'aban ya tashi a banza. Duk wanda aka miƙa wa leda a hanya ya ce, "A kai shago wurin mai littafi." A gidaje da yawa 'yar da ta yi makaranta ita ta fi dacewa da wannan kujera, don ta fi maza iya tsare ƙa'ida ba tare da faɗa ba.

Idan kwastoma ya zo, kada a karɓi leda a ƙulle a jefa a ƙarƙashin tebur. A warware yadin a gabansa, a sa tef a auna. Wanda aka ce masa yadi 5 ne a kasuwa, wani lokaci 4 da rabi za a tarar. A ɗaga shi a haske a duba huji, tabon mai, ko inda rini ya ɗauke. Kaftani da wando na babban mutum kan ci yadi 4 zuwa 5, babbar riga da 'yan cikinta wajen 10, atamfa kuma yadi 6 take zuwa. Idan ba zai isa ba, yanzu ake faɗa: "Alhaji, wannan ba zai fitar da dogon hannu da aljihu uku ba, ko a ƙaro yadi ɗaya ko a rage tsawo." Bayan almakashi ya shiga, duk abin da ya gaza a wuyan tela yake, kuma za a ce yanka ya yi ya ɓoye.

Daga nan a yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu daga gefen yadin, a manne shi a shafin mutumin da fil. A ba shi lamba. A rubuta lambar a littafi, a rubuta ta da alli a bayan yadin, a rubuta a takarda a jefa cikin ledar, a ba shi ita a rasit. Farar shadda 20 a shago ɗaya duk kamarsu ɗaya da ƙarfe biyun dare, ko mai ita sai ya shafa ya shinshina. Gezna ta wani ta tafi gidan wani, wannan ba rigimar da ake kashewa da "yi haƙuri" ba ce, don kuɗinta ya ninka ladan ɗinkin sau da yawa.

A shafin a sa suna, lambar waya, yawan yadi, awo, irin ɗinki, launin zaren aiki, kuɗin da aka yi, abin da aka bayar, abin da ya rage, da ranar karɓa. Awo kuma a sake shi. Yaro ya ƙara tsawo tun bara, babba ya ƙara tumbi ko ya zube. Wanda ya aiko da "a yi da awon da", a ce ya kawo rigar da yake sawa yanzu. A ɗinkin mata, mace ce za ta auna mace, wannan ma yana cikin ribar shagon gida da shagon titi ba shi da ita. Idan Hajiya ta nuna hoto a waya, a sa ta tura shi ta WhatsApp nan take, a rubuta lambar kayanta a ƙasan hoton. Sannan a gaya mata gaskiya idan atamfarta ba za ta zauna kamar ta hoton ba, domin ta hoton wataƙila leshi ce mai nauyi. Sabon salon da ba ku taɓa yi ba, ku karɓe shi a Rajab. A azumi ba a koyon ɗinki da kayan mutane.

Tambaya ɗaya da teloli ba su cika yi ba, alhali tana ceton rai: "Wanne za ka sa ranar idi?" Mai kala 3 ba duka zai sa rana ɗaya ba. A Kano bayan hawan Sallah akwai hawan Daushe, akwai hawan Nasarawa, ga yawon gaishe-gaishe na kwanaki. A sa alama a kan na idi, shi ne na dole. Idan abu ya cushe daga baya, kun san wanda za a roƙi arziki a kansa.

Kuɗi

Ku yanke farashi a Sha'aban, ku rubuta a kwali ku liƙa a bango, kowa a gidan ya faɗi abu ɗaya. A cikin kuɗin kowane kaya a sa zare da gam da shafi, kuɗin mai aikin wuya da mai bugun shadda, kason man janareta, kason yaran shago, sannan ladan hannunku. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, telan da bai sa kuɗin fetur a lissafi ba, gidan mai yake yi wa ɗinki. Ba laifi ba ne farashi ya zama hawa-hawa: na Sha'aban daban, na goman farko ya ɗara, na gaggawa ya fi duka. A sanar tun wuri a sitatus da baki, sai masu hankali su kawo da wuri, wanda shi ne abin da kuke so.

Kafin alƙalami ya zama aƙalla rabi, kuma ba a yanka sai an bayar. Amma ku gane, wannan kuɗin ba riba ba ne, bashi ne a kanku har sai kaya ya fita. Nan ne shagon gida ke zamewa. Kuɗi ya shigo da yamma, ana bukatar ƙanƙara da ƙosai da kankana na buɗa baki, sai a zara. Gobe a zara na sukari. Ranar da za a biya mai aiki sai a tarar da gwangwani wayam, shi kuma ya riƙe rigunan mutane. Ku ware asusu ko akwati na shago, ku yanke abin da za a riƙa ba gida kullum ko duk mako, kada ya wuce haka ko da an ga kuɗi jibge. Idan taransifa aka yi, mai littafi ta ga shigar kuɗin a wayar shago da idonta kafin ta rubuta. Hoton rasit da aka nuna a wayar kwastoma ba kuɗi ba ne.

Ranar rufe littafi

Da zarar lamba ta kai abin da kuka ƙirga, ko 10 ga azumi ta yi, duk wanda ya riga, an rufe. A rubuta a ƙofa. Wannan ya fi kowane mataki wuya, saboda wanda zai zo bayan an rufe ba baƙo ba ne. Gwaggo ce, ranar 19 ga wata, da atamfa biyu a mayafi.

"Kai, ɗan nan, ni za ka gaya wa an rufe? Ni da na goya ubanka?"

"Gwaggo, wane ni. Kayan mutane ne a wuyana har 96, kowanne na ba shi rana. Idan na ce miki to, ranar jajibere za ki aiko a dawo miki da atamfa yadda kika kawo ta, ki ga na tozarta ki. Ki zaɓi ɗaya wadda kike so ta idi, a yi miki riga da zani ba tarkace. Ɗayar kuma rana ta huɗu da Sallah ni zan kawo miki har ɗaki."

Za ta yi mita, za ta ce yaran zamani, amma za ta zaɓa. Kuma don irinta kuka bar gurbin kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai gurbin yana da iyaka, mai littafi ce ke riƙe da shi, ba wanda aka fi jin kunya ba. Sauran a haɗa su da wani tela da kuka yarda da hannunsa wanda bai cika ba. Kada ku karɓa ku kai masa a ɓoye da sunanku. Idan ya ɓata, sunanku ne ya ɓaci, idan ya gyara, kun saba wa kanku da karɓar abin da ba ku iya ba.

Ɗinkin dangi na kyauta kuwa, ra'ayina a yi shi a Rajab da Sha'aban ko bayan Sallah. Wanda ya ga dole sai a tsakiyar azumi, ya biya ko da kuɗin kayan haɗi ne.

Abin da zai fita waje shi ke gaba

Yawancin kayan da ke makara ba a kan kekenku suke makara ba. Suna wurin mai aikin wuya, ko mai kwamfuta, ko mai ɗinkin hannu, ko masu bugu, kuma kowannensu teloli da yawa ke jiransa. Saboda haka ba a bin layi da wanda ya fara kawowa kawai. Duk abin da zai je wurin mai aiki shi ake fara yankawa, a fitar da gaba da wuya da hannu a tura tun makon farko, sannan a zauna a kan marasa aiki kafin su dawo. Babbar riga mai aikin hannu, irin aska takwas ko aska biyu, makonni take ci a hannun mai yi, wani lokaci watanni. Wanda ya kawo ta a cikin azumi yana so ta idi, a gaya masa ta babbar Sallah ce, ko ya yarda da aikin keke.

Ku yi magana da mai aikinku tun Sha'aban: guda nawa zai iya ɗaukar muku a mako, wace rana ake kaiwa, wace rana ake karɓowa. A rubuta lambobin da aka kai masa a bayan littafi, a soke idan sun dawo. A biya shi a kan lokaci, don a goman ƙarshe wanda ke biya shi ake fara yi wa. Idan da hali a sami na biyu. Shaddar da za ta je bugu ita ma a tara ta a kai sau biyu a mako, kada a bari sai 28 ga wata lokacin da rumfar masu bugu ta cika har waje.

A cikin shago a raba aiki hannu-hannu. Wanda ya fi kowa ƙwarewa shi ke yanka, kuma da safe yake yi, bayan asuba, ido na gani kai na aiki. Kuskuren ɗinki ana farkewa, kuskuren almakashi sai a sayi sabon yadi. Kowane kaya da aka yanka a ɗaure shi wuri ɗaya da ragowar ƙyallensa da lambarsa. Wani ya yi ta wanduna, wani riguna, yara su yi wibin da maɓalli da yanke zare da guga. A jera aiki bisa launin zare, farare a bi su a jere, sannan masu duhu, don a rage sauya zare. Farin kaya kuma a yi shi lokacin da ba a daɗe da goge keke ba, kada a yi shi nan take bayan an zuba mai. Ɗigon man keke a ƙirjin farar shadda ya isa ya cinye ribar mako.

Yaron da ke guga a koya masa gwada zafin dutse a kan ragowar ƙyalle kafin ya ɗora a riga. Leshi da yadin roba ba sa jure abin da shadda ke jurewa, kuma dutsen gawayi kan tofar da toka.

Lokutan aiki a cikin azumi

Jikin mai azumi yana da lokutan da yake bayarwa. Daga bayan asuba zuwa wajen sha ɗaya, nan ne aiki mai nauyi. Bayan azahar a kwanta ko awa ɗaya ce. La'asar zuwa magariba na ƙananan abubuwa ne da sallamar masu karɓa. Bayan asham a koma keke zuwa sha biyu ko ɗaya, a tashi. Kwanan zaune daga farkon wata wauta ce. Duk abin da aka ɗinka da ƙarfe uku na dare, da safe ake farke rabinsa: hannun dama a hagu, aljihu a juye, wani ma allura ta bi ta yatsa.

Idan unguwarku da dare ake kawo wuta, ku juya tsarin ya bi ta, aikin da ke son lantarki a tara shi domin lokacin. Janareta kuma a waje ake ajiye shi, nesa da taga, ko da ana tsoron ɓarawo. Hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da mutum ya farga ba, balle ga wanda gajiya ta riga ta kayar. Jarkar mai kada ta kwana kusa da dutsen gawayi da tulin yadi. Kayan da ke shagon nan na mutane ne, wasu bashi suka ci suka saya.

Matan gida su ne ke ɗaukar kaya biyu, ga keke ga tukunya. Idan ana son Umma ko Anti ta fitar da ɗinkin mata, to a sauke mata girkin buɗa baki, a ba wata, ko a riƙa sayo wani abin. Ba zai yiwu ta tashi daga keke da la'asar ta kama dakan kunu ba, sannan a tambaye ta ina rigar Hajiya. Yaran makaranta su ma a bar musu lokacin karatu da barci. Goman ƙarshe kuma mutane na son tahajjud, ciki har da masu ɗinkin. Wanda ya tsaya a 96 zai samu, ko da ba kowane dare ba.

Daga 20 ga wata

Ranar 20 a rufe shago awa ɗaya, a baje littafi. A ware kaya kashi uku: wanda ya gama, wanda ke hanya, wanda ko yankawa ba a yi ba. A ƙirga na ukun da kwanakin da suka rage. Idan lissafi ya nuna wasu ba za su fita ba, a ranar za a kira masu su, ba jajibere ba. "Alhaji, kala biyunka na idi da na washegari suna nan tafe ranar 25. Na ukun ba zai samu ba sai bayan Sallah. Idan kana so ka karɓa ka kai wani wuri, ban yanka ba, kuɗinka na nan." Zai ji haushi, amma yana da kwana 9 na neman mafita. Wanda aka yi ta ja har daren Sallah ba shi da ko ɗaya, kuma irin wannan rigimar ce ke kai tela gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Waya kuma a ɗauka. A ba mutum ɗaya ita, wanda ke gaban littafi, don masu keke su samu su yi aiki.

Duk kayan da ya gama, a kira mai shi ya zo ya karɓa a ranar. Kada a tara gamammun kaya sai jajibere, shago ya cika da mutane ana tono ledoji. Kafin a naɗe, mutum ɗaya ya duba da littafi a hannu: tsawo, faɗi, hannu, maɓalli, zif yana hawa yana sauka, zariya na cikin wando, an goge alli. A sa ragowar yadin mutum a cikin ledarsa ko da tafin hannu ne. Teloli da yawa na ganin wannan ba komai ba ne, masu kaya kuwa suna lura. Wanda zai iya gwadawa a nan ya gwada, gyaran da aka gano ranar 24 minti goma ne.

Ciko kafin kaya ya fita. Wannan ma mai littafi za a bar wa, don ita ba abokiyar hirar kowa ba ce a majalisa. Kayan da ya tafi da "zan aiko bayan Sallah" yakan koma bashin da sai an yi zumunci da shi. Idan ɗan aike aka turo, ya faɗi lambar rasit, ko a kira mai kayan a ji muryarsa.

Kwana 26 zuwa 29 na gyara ne, da 'yan gurbin nan, da abin da ya dawo a makare daga masu aiki. Yaran shago a sallame su da kuɗinsu da goron Sallah kafin jajibere, su ma suna da aski da takalmi da za su saya.

Bayan an sauko

A huta kwana 2 ko 3, sannan a cika alƙawuran da aka ɗaga, na Gwaggo a gaba. Cikin makon a zauna da littafi da akwati: abin da ya shigo, abin da aka kashe, bashin da ke waje. Daga ribar a fara cire na shago, wato gyaran keke da sarin zare, da ɗan abin da ake tarawa don sabon keke ko sola. Sannan kowa ya karɓi kasonsa a hannu, har da ƙanin da ya yi wata guda yana maɓalli da matar da ta yi kalmasa. "Ai na gida ne" ita ce maganar da ke sa ɗa ya bar shagon ubansa ya koma na wani.

A shafin ƙarshe a rubuta guda nawa aka karɓa, nawa suka fita a kan rana, wane mai aiki ya cika alƙawari, wane irin ɗinki ya ci lokaci fiye da kuɗinsa, wane kwastoma ne ba za a sake karɓar nasa ba sai da cikakken kuɗi. Da waɗannan lambobin za a yi lissafi na gaba, kuma ba shi da nisa. Tsakanin 1 ga Shawwal da 10 ga Zulhajji wata 2 da kwana 9 ne ko kusa da haka, a tsakiyarsu ga bukukuwan aure da aka ɗage saboda azumi, da ankonsu da kayan lefensu, ga maniyyata masu son a gama musu kafin jirgi ya tashi. Ɗinkin babbar Sallah bai cika kai na ƙarama ba, don kuɗin magidanta na tafiya wurin rago, saboda haka a wannan karon a tsananta wajen kafin alƙalami, a kuma buɗe sabon littafi tun tsakiyar Shawwal.